Takarda Ba Ta Koya wa Yaro Karatu

Jama'a, ni akawu ne. Aikina shi ne in karɓi takarda, in buga mata hatimi, in shigar da lambarta cikin littafi, in aika da ita inda aka ce. Na daɗe ina wannan aiki ban taɓa tambayar kaina abin da takarda ta kan zama bayan ta bar teburina ba, sai ran da wata ta tafi ta komo mini a hannun wanda aka ɗora wa nauyinta.

Ga abin da takardar ta ƙunsa. An umurci kowane malamin firamare na yankinmu ya gwada yaran ajinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ga inda karatun kowa ya tsaya, sa'an nan ya raba su kashi biyar, ya koya wa kowane kashi abin da ya yi daidai da shi. Kowane kashi a rubuta masa nasa shirin darasi. Kowace Juma'a kuma a cika fom, a nuna yara nawa suka hau daga wannan kashi zuwa wancan. Can ƙarshen takardar aka ƙara layi guda, wai duk wannan ba zai hana a ƙare littafin aji kafin jarrabawar ƙarshen zango ba. Na karanta, na ce kai, wannan shiri ya yi kyau. Na buga hatimi, na ba masinja.

Bayan mako uku sai ga wani dattijon malami mai koyar da aji uku, wanda shi ya koya wa ƙanena karatu. Ya yi sallama, ya ajiye mini tarin fom a kan tebur, ya ce, "Malam akawu, ga kayanku."

Na ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam. An gama ke nan?"

Ya ce, "An gama cika fom. Karatu kam ba a fara ba tukuna." Ya yi shiru, sa'an nan ya dube ni ya ce, "Tsakaninka da Allah, wanda ya rubuta takardan nan, ya taɓa tsayawa gaban yara ɗari da guntun alli a hannunsa?"

Ban sami abin da zan ce masa ba. Tun daga ran nan na shiga bin diddigin wannan al'amari, na tambayi malamai, na leƙa azuzuwa, na karanta abin da na samu. Abin da na gano shi ne zan faɗa muku, ko da zai ɓata wa manyana rai, gama gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Dabarar raba yara bisa ga iyawarsu dabara ce ta gaskiya. Amma a aiko wa malami da ita a takarda, ba lokaci, ba mataimaki, ba littafi, sa'an nan a tsare shi da fom, wannan zalunci ne ga malami, cuta ce kuma ga yaro.

Inda masu umurni suka yi gaskiya

Bari mu fara ba su haƙƙinsu. Duk wanda ya shiga aji uku ko aji huɗu ya saurara, zai tarar suna ne ya haɗa yaran, karatu bai haɗa su ba. Akwai wanda bai san baƙi ko ɗaya ba. Akwai wanda ya san baƙaƙe amma ba ya iya haɗa su. Akwai mai karanta kalma ɗaya ɗaya, da mai karanta 'yan layuka yana tuntuɓe, da kuma mai karanta labari sumul ya gaya maka abin da ya ji. Waɗannan su ne kashi biyar ɗin da takarda ta ke nufi, ba kuwa ƙarya ta yi ba, akwai su.

To, malami ya buɗe littafin aji uku shafi na ashirin, ya karanta, yara su amsa da ƙarfi. Wanda ke wucewa ta bakin taga sai ya ce karatu ya kankama. Alhali kuwa 'yan bencin gaba kaɗai ke duban rubutu, sauran bakin malam su ke bi. Kullum na gaba ya yi gaba, na baya sai labari, har a kai aji shida da yaron da ba ya iya karanta sunansa a jikin rajista. A shekarar 1976 aka buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowa a Nijeriya, a 2004 kuma aka yi dokar da ta wajabta ilmin tushe. Yara sun shigo, amma shiga makaranta daban, iya karatu daban. A 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, yara 89 cikin 100 su kan kai shekara goma ba su iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi ba.

Ku da kuka yi ajin yaƙi da jahilci ba sai an yi muku dogon bayani ba. Ku tuna ranar farko. Wani ya zo da ajaminsa, bai yi wata guda ba ya kama boko. Wani kuwa bai taɓa riƙe fensir ba, sai da aka kama hannunsa. Da malaminku ya bi saurin na farko, da na biyu ya ji kunya ya daina zuwa. Saboda haka ba ni da ja da wanda ya ce a koya wa kowa daga inda ya tsaya.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu

Abin da ya ke ba ni mamaki shi ne yadda a ke kawo mana wannan dabara kamar yau aka haife ta. Ni na yi makarantar allo kafin in shiga firamare, yawancinku ma haka. A makarantar allo an taɓa cewa yara duka su buɗe shafi guda? Kowa da allonsa, kowa da inda ya ke. Wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, wani yana cikin ƙananan surori, wani ya yi nisa cikin izu. Ba a wanke maka allo sai ka biya, malam ya ji da kunnensa ka iya. In ka iya yau, yau za a ɗora maka. In sai jibi, sai a jira jibi. Ba wanda a ke ja gaba don sa'o'insa sun wuce.

Amma ku lura da abin da ya riƙe wannan tsari. Na farko, malam ba shi kaɗai ba ne. Yana da gardawa da manyan almajirai, su ke rubuta wa kolaye allo, su ke biya musu, malam yana bisa buzunsa yana sauraro yana gyara. Na biyu, kowane yaro da allonsa a hannu, ba a taɓa cewa yara goma su taru a kan allo guda ba. Na uku, ba wanda ya yanka wa malam rana ya ce lalle kowa ya sauke kafin damina. Na huɗu, shaidar karatu ita ce yaro ya biya a gaban malam, ba a neman wata takarda.

Ban ce makarantar allo ba ta da nata aibi ba. Akwai bara, akwai bulala, akwai yaran da kan shekara da yawa ba su wuce inda su ke ba, wannan kuwa magana ce ta wata rana. Abin da na ke nufi shi ne iyayenmu sun san kuɗin wannan dabara, sun kuwa biya. Masu umurninmu na yau sun ɗauko dabarar, sun bar gardawan, sun bar allunan, sun ƙara wa'adi, sun kuma sa fom a madadin biyawa. Wanda ya cire wa rumfa shikashikanta huɗu, in ta faɗi kada ya zagi mai zama ƙarƙashinta.

Mu yi lissafi

Ni mutumin lissafi ne, bari in yi muku shi a fili. Manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami guda ya riƙe yara 35 a firamare. Kowa ya san a garuruwanmu da yawa aji ya kan ninka haka sau biyu ko sau uku. Mu ɗauka aji yana da yara 100, darasin karatu kuwa minti 35 ne.

Gwajin farko ba a yinsa a taro. Sai an kira yaro shi kaɗai, a nuna masa baƙaƙe, a nuna masa kalmomi, a ba shi layuka ya karanta, a rubuta inda ya tsaya. A ce kowane yaro ya ci minti 5. Yara 100 sun ci minti 500, watau darasi 14 da 'yan kai. In ana darasin karatu sau ɗaya kowace rana, kusan mako uku ke nan malam bai koyar da kome ba, yana gwaji. A cikin wannan lokaci wa ke riƙe da sauran 99?

To, an gama gwaji, an raba kashi biyar. Minti 35 a raba biyar, kowane kashi ya sami minti 7. Ba a cire lokacin zaunar da yara ba, ba a cire rabon faɗa ba, ba a cire share allo ba. Sa'ad da malam ya ke tsugune wajen kashi na ɗaya yana nuna musu "ba, be, bi", yara 80 suna zaune. Takarda ta ce su yi aiki da kansu. Da me? Yaron da bai san baƙi ba, wane aiki zai yi shi kaɗai? Wanda ya iya karanta labari kuma, ina labarin? Na shiga ajin da littafin karatu bai kai goma ba, ɗakin kuwa ya cika har bakin ƙofa, babu ko inda malam zai sa ƙafa ya ratsa, balle a ce a yi da'ira biyar.

Sa'an nan shirin darasi. Dā malam ya kan rubuta guda ɗaya don darasin karatu, yanzu biyar. A mako 25 ke nan, ban da lissafi da sauran darussa, gama malamin firamare sau da yawa shi ke koyar da kome a ajinsa. Yaushe zai rubuta? Da dare, bayan ya dawo daga gona ko daga 'yar sana'ar da ya ke cike giɓin albashi da ita.

Mafi muni shi ne layin nan na ƙarshe. An ce ka koma baya ka ɗauko yaro daga inda ya tsaya, an kuma ce ka ƙare littafin aji kafin jarrabawa. Taura biyu ba ta taunuwa. Mai duba makarantu in ya zo, littafin aji zai buɗa ya ga ko an kai shafin da jadawali ya ce. Jarrabawa ma daga littafin za a fitar da ita. Malam ba wawa ba ne, ya san wanne daga cikin umurnin biyu zai jawo masa takardar tuhuma. Sai ya bi littafi da rana, ya cika fom da dare.

Abin da aka gani a waɗansu ƙasashe

Kada wani ya ce wannan ƙorafin ragwaye ne. An gwada abin nan a wurare da yawa, an auna, an rubuta sakamako, kuma abin da aka samu ya goyi bayan dattijon malamin nan.

A ƙasar Indiya akwai wata ƙungiya mai suna Pratham, ita ta shahara da wannan hanya ta koya wa yaro daga inda ya tsaya. A 2001 aka fara auna aikinta a biranen Badodara da Mumbai. Ba takarda aka aika wa malamai ba. 'Yan mata aka ɗauka daga cikin unguwa waɗanda suka gama sakandare, aka horar da su mako biyu, kowace aka ba ta yara 15 zuwa 20 daga cikin waɗanda aka bari a baya, tana zama da su awa biyu kowace rana. Yaran suka ci gaba, waɗanda suka fi rauni su suka fi ƙaruwa. Ku duba da kyau, ai gardawa ke nan aka samo wa malam.

A 2005 aka yi wani gwaji a yammacin Kenya, a makarantu 121. Kowace aka ba ta ƙarin malami guda don a raba aji ɗaya gida biyu. A wajen rabin makarantun aka raba yaran bisa ga iyawarsu, a sauran aka raba su da ƙuri'a. Bayan shekara ɗaya da rabi, inda aka raba bisa ga iyawa yara sun fi ci gaba, na sama da na ƙasa duka. Amma kada a manta, sai da aka kawo malami na biyu kafin a raba.

Ga kuma wanda ya fi kama da namu. Tsakanin 2008 da 2010 aka kai wannan hanya makarantun gwamnati a jihohin Bihar da Uttarakand na Indiya. Aka horar da malamai, aka ba su kayan aiki, aka ce su yi ta cikin darussansu na kullum. Inda aka bar malamai su kaɗai, kusan ba abin da ya sake. Malaman suka ci gaba da bin littafin aji, domin shi aka wajabta musu su ƙare. Abin mamaki, malaman gwamnati na Bihar ɗin nan, da aka ba su yara lokacin hutu, ba littafin aji a wuyansu, sun koyar kuma yara sun ƙaru. Ashe ba iyawa suka rasa ba, sarari suka rasa.

Da aka gane haka, sai aka sake shiri a jihar Hariyana a 2012. Aka ware awa guda kowace rana wadda ba ruwanta da littafin aji. A cikin wannan awa a kan haɗa yaran aji uku da huɗu da biyar, a sake raba su bisa ga iyawa, kowane malami ya ɗauki kashinsa. Masu duba makarantu kuma sai da aka sa su suka shiga aji suka koyar da kansu kwana da kwanaki kafin a bar su su duba wani. Nan karatu ya ƙaru. A jihar Uttar Faradesh kuma aka yi zaman karatu na musamman na kwana 50 a shekara, da taimakon 'yan sa kai, yawan yaran da ke iya karanta layuka ko labari ya kai wajen ninki biyu na makarantun da ba a yi ba. Masanan da suka auna waɗannan ayyuka, Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer, su aka ba kyautar Nobel ta fannin tattalin arziki a 2019.

Wannan hanya ta iso ƙasarmu, an gwada ta a Borno a 2018, an kuma gwada ta a Wudil da Dawakin Tofa cikin Jihar Kano daga 2019. Ba da masu gwaji na ke faɗa ba. Faɗana da wanda ya ji sunan abu a wurin taro, ya dawo ofis ya mai da shi takardar umurni, ya bar awar da aka ware, ya bar mataimaka, ya bar horon masu dubawa, ya aiko da abin da aka riga aka gwada a Uttarakand aka ga bai yi ba.

Yadda fom ke haifar da ƙarya

Nan ne ni akawu na fi kowa sani, gama ta hannuna lissafin ke bi. Fom ya tambayi yara nawa suka hau. Malamin da ya rubuta gaskiya, ya ce wannan mako ba wanda ya hau, sai hedimasta ya kira shi ya ce zai ja wa makaranta baƙin jini. Wanda ya rubuta goma sun hau, ba mai zuwa ya kira goman nan ya ba su takarda su karanta. Mako biyu sun isa kowa ya gane abin da a ke so. Daga nan sai lissafi ya yi ta hawa kamar farashin hatsi da bazara. Hedimasta ya tara ya aiko mana, mu mu tara mu aika gaba, can a yi taro a tafa, a ce shiri ya yi nasara, a ƙara faɗaɗa shi.

Ni da hannuna na tara lissafin da ya nuna wata makaranta ba sauran yaro ko ɗaya a kashin ƙasa. Ɗan maƙwabcina a makarantar ya ke, aji huɗu. Na ba shi takardar sayen magani ya karanta mini, ya juya ta sama da ƙasa, ya miƙo mini yana murmushi.

Hasarar ba ta tsaya ga yaro ba. Mutumin kirki an koya masa ƙarya da hatimin hukuma. Malamin da ya shiga aikin nan da son yara, in ya shekara biyu yana rubuta abin da ya san ba haka ba ne, zuciyarsa ta kan mutu, sai ya zama mai jiran ƙarshen wata kawai. Hukuma kuma ta makantar da kanta, domin ta toshe hanyar da gaskiya za ta bi ta iso gare ta. Badi in wani sabon umurni ya zo, malamai za su karɓe shi yadda suka karɓi na bana, su ce a bar shi, shi ma zai wuce.

Masu cewa laifin malamai ne

Na san abin da za a ce mini a ofis. Za a ce malamai da yawa ba su zuwa aiki, waɗansu kuma su kansu ba su iya karatun ba, in ba a tsare su da fom ba, ba abin da za su yi. Ba na musun akwai irin waɗannan. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun maki 75 cikin 100 da aka nema. Wannan abin kunya ne, ba mai ɓoye shi.

Amma wannan hujja a kan masu ita ta ke komawa. In malami bai ƙware ba har ya kasa koyar da darasi guda, ta yaya takarda za ta sa ya koyar da biyar a lokaci guda? Mai rauni horo ya ke bukata, da wanda zai tsaya kusa da shi ya nuna masa. Wanda ba ya zuwa aiki kuwa, fom bai taɓa kama shi ba, shi ya fi kowa iya cika shi, a gida ma ya ke cikawa. Wanda fom ke ci shi ne mai gaskiya, wanda ke zuwa kullum, ya kuma ɗauki umurni da muhimmanci har ya hana kansa barci. Kuma wa ya ɗauki malaman da ba su iya ba aiki? Ba su suka ɗauki kansu ba. Daga ofis aka sa hannu.

Abin da ya kamata

Ga manyanmu masu ba da umurni, Allah ya ba ku nasara, ga roƙona. Kada takarda ta fita sai wanda ya rubuta ta ya shiga aji mai cike ya aikata abin da ya rubuta, mako biyu cur, shi kaɗai, da kayan da malam ke da su. In ya iya, ya aiko. A ware awa guda kowace rana don karatu, a rubuta a fili cewa a cikin awan nan ba a bin littafin aji, kada mai dubawa ya tuhumi kowa a kai. A bar makaranta ta haɗa azuzuwa ta raba wa malamanta, kowa ya riƙe kashi guda, maimakon kowane malami ya riƙe biyar. A kawo 'yan littattafai masu araha da katunan baƙaƙe, yadda kowane yaro zai riƙe wani abu a hannunsa. A rage fom ya koma sau ɗaya a zango. Mai dubawa in ya zo, ya ajiye fayil, ya kira yara goma da ƙuri'a ya ba su takarda su biya masa. In a wata makaranta ba a iya samar da ko ɗaya daga cikin waɗannan, to, a tambayi malamanta abin da za su iya, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Kashi biyu da a ke yi da gaske sun fi biyar da ke cikin fayil.

Ga malamai, kuna da gaskiya a kukanku, amma kada haushin takarda ya sa ku yar da dabarar. Yaron da ke bayan aji bai rubuta muku umurni ba. Ko minti goma ne a rana, a ba shi. Kuma ku daina rubuta abin da ba haka ba. In ku duka kuka rubuta gaskiya rana guda, ba a iya tuhumar gari duka.

Ga mu akawuna, ni na fara da kaina. Ba ni da ikon hana takarda fita, amma ina da bakin da zan ce, "Ranka ya daɗe, layin nan na ƙarshe ya rushe na farko." Dā ban faɗa ba. Yanzu na kan faɗa, ko a ji ko kada a ji.

Ga ku kuma masu karatu, ku ne na fi sa wa rai. Kun san ɗacin rashin karatu, kun kuma san yadda a ke fita daga cikinsa da girma. Yau da dare kowa ya kira ɗansa ko 'yarsa, ya buɗe wannan littafi, ya nuna layi guda ya ce a karanta masa. Kada ku dogara da sakamakon da aka rubuto daga makaranta. In yaro ya kasa, kada a doke shi, kada kuma a tafi a zagi malam. A je a gaishe shi, a tambaye shi yara nawa ke ajinsa, littafi nawa gare shi, me ya ke bukata. A kai maganar gaban kwamitin makaranta da gaban mai unguwa. Wanda ke da sarari cikinku, namiji ko mace, ya nemi izinin hedimasta ya riƙa zama da yara goma a gindin bishiya, ko a zaure bayan la'asar, ya nuna musu baƙaƙen da shi ma aka nuna masa. Ba sai mai babbar takardar shaida ke koya wa yaro "ba, be, bi" ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, malam kuwa ya daɗe yana ɗauka shi kaɗai.

Dattijon malamin nan har yanzu yana kawo mini fom. Ran da ya zo na ƙarshe na ga ya rubuta yara uku kaɗai suka hau. Na ce, "Malam, uku?" Ya ce, "Uku. Amma in ka so, aiko a kira su, za su biya maka." Na buga hatimi na aika da shi yadda ya ke.

Allah ya ba shugabanninmu kunnen sauraro, ya ba malamanmu haƙuri, ya buɗa wa 'ya'yanmu karatu. Amin.